Yadda Ake Muhawara Kan Cancantar 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa Ba Tare da An Ɓata Zumunci Ba

Da zarar an buga gangar siyasa a Najeriya, hirar majalisun unguwa da teburin mai shayi da motocin haya da zaurukan WhatsApp takan koma kan tambaya guda, wato wane ne ya fi cancanta ya riƙe ƙasar nan. Tambayar tana da kyau, kuma haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya yi ta, sai dai mafi yawan irin wannan musu yakan ƙare ne da ɗaga murya da gori da gaba, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi, ba tare da ya ƙaru da komai ba. Wannan jagora na wanda yake son ya yi muhawarar da za ta amfane shi ne, ta kuma amfani masu sauraronsa, ko da a ƙarshe kowa ya zaɓi nasa gwanin. Zan riƙa kafa misali da zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, domin ya riga ya wuce, alƙalumansa suna hannu, kuma Kotun Ƙoli ta rufe shari'arsa a ranar 26 ga Oktoban wannan shekarar, saboda haka ana iya duba shi da kwanciyar hankali.

Ku fara da daidaita abin da kuke musu a kai

Sau da yawa mutum biyu sukan kwashe sa'a guda suna gardama alhali ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Akwai tambayoyi uku da suke cakuɗewa a bakin mutane: wane ne ya fi iya aikin, wane ne zai iya cin zaɓen, da kuma wane ne zai fi amfanar yankinmu ko sana'armu. Kowace daga cikinsu halattacciya ce, amma hujjar da take amsa ɗaya ba ta amsa sauran. Idan wani ya ce ɗan takararsa ya gina makarantu, abokin musunsa ya ce ai ba shi da jama'a a Kudu, to ba a amsa masa ba, an dai canza magana ne.

Tambayar wanda zai iya ci tana da nata ma'aunin a kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 134 ya ce sai ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar da babban birnin tarayya Abuja. A 2023 Bola Tinubu na APC ya sami ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, shi kuwa Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami 1,496,687, waɗanda kusan miliyan ɗaya daga cikinsu a Kano kaɗai ya same su. Waɗannan alƙaluma suna nuna yadda farin jinin kowa ya bazu ko ya taru wuri ɗaya, amma ba su ce komai ba game da wanda ya fi iya shugabanci. Saboda haka kafin a yi nisa, wani daga cikinku ya ce, "Yanzu cancanta muke magana ko lissafin ƙuri'a?" A gama da ɗaya tukuna sannan a shiga ɗayar.

Ku san aikin kafin ku auna mai nemansa

Ba a iya cewa wane ya dace da aiki sai an san mene ne aikin, kuma a nan ne muhawarori da yawa suke ɓacewa tun daga tushe. Mutane sukan yaba wa ɗan takara ko su kushe shi kan abubuwan da ba sa cikin hurumin shugaban ƙasa. Kundin tsarin mulki ya ware wa gwamnatin tarayya wasu abubuwa ita kaɗai, daga ciki akwai sojoji da 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, shige da fice, hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai har da man fetur. Shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, shi yake naɗa hafsoshin tsaro da ministoci da gwamnan Babban Banki, kuma shi yake gabatar da kasafin kuɗi, amma ba zai kashe kuɗin ba sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa, mai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, ta amince.

A ɗaya ɓangaren kuma, makarantar firamaren unguwarku da ƙaramin asibitin garinku da ruwan famfo da hanyoyin cikin gari, mafi yawansu alhakin jiha ne da ƙaramar hukuma. Filaye ma, bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, a hannun gwamna suke. Wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, tun gyaran tsarin mulki na 2023, jihohi ma suna da ikon shiga cikinsu. Idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya yi alkawarin gyara kowace firamare a ƙasar nan, tambayar da ta dace ita ce ta wace hanya, tunda ba shi yake ɗaukar malamanta ba. Idan kuma aka zo maganar tsaro a Zamfara ko Katsina ko Borno, ko darajar naira, ko rufe iyakoki irin wanda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko sauya fasalin kuɗi da ya jefa jama'a cikin ƙuncin rashin takardun naira gab da zaɓen 2023, to an zo gonar gwamnatin tarayya, kuma nan ne ya kamata a fi tsananta wa kowane ɗan takara tambaya. Shawarata ita ce ku zaɓi batutuwa uku ko huɗu daga cikin waɗanda suke hannun shugaban ƙasa da gaske, ku tsaya a kansu, maimakon ku yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan.

Tarihin aikinsa, da mudu ɗaya

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. Manyan 'yan takarar 2023 duk sun taɓa riƙe mulki, saboda haka babu dalilin da zai sa a tsaya kan zato. Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007. Atiku ya yi mataimakin shugaban ƙasa a waɗannan shekarun, kuma shi ya jagoranci majalisar da ta kula da sayar da kamfanonin gwamnati. Obi ya mulki Anambra daga 2006 zuwa 2014. Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, ya yi ministan tsaro a tsakani, daga baya ya yi sanata. Magoya bayan kowannensu suna da abin nunawa: na Tinubu sukan kawo bunƙasar kuɗin shigar Legas, na Atiku sukan kawo sauye-sauyen tattalin arziki na zamanin Obasanjo, na Obi sukan kawo tsimin kuɗi da mayar wa coci-coci makarantunsu, na Kwankwaso kuwa sukan kawo jami'o'in jiha biyu da gadojin sama da ɗaliban da aka tura karatu ƙasashen waje. Masu adawa da su ma suna da abin faɗa a kan kowane ɗaya.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta a nan ita ce a auna kowa da mudu ɗaya. Mai awon da yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, kowa a kasuwa ya san sunansa, kuma haka mai muhawarar da yake yafe wa gwaninsa abin da yake kama wani da shi. Idan cin bashi laifi ne ga wancan, laifi ne ga naka. Idan sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya alamar rashin aƙida ce, to a tuna cewa Atiku da Obi da Kwankwaso duk sun sauya jam'iyya fiye da sau ɗaya, kuma APC kanta haɗakar jam'iyyu ce da aka ƙulla a 2013. Ku fitar da ma'aunin tun kafin a ambaci suna, domin idan aka fara ambatar suna, son zuciya yakan lanƙwasa ma'aunin.

Ga wanda ya taɓa yin gwamna, tambayoyin da suka fi fitar da gaskiya su ne waɗannan. Nawa ya samu daga asusun tarayya da kuma harajin cikin gida a shekarun mulkinsa? Nawa ne bashin da ya tarar, nawa kuma ya bari? Ya biya albashi da fansho a kan kari? Ayyukan da ake yabonsa da su, an kammala su a hannunsa ko magajinsa ne ya ƙarasa, kuma suna nan suna aiki har yau? Yaya ya yi da 'yan adawa da 'yan jarida da kuɗin ƙananan hukumomi? Wannan tambaya ta ƙarshe mutane sukan raina ta, alhali ita ce take nuna yadda mutum zai yi idan aka damƙa masa sojoji da 'yan sanda. Amsoshin da yawa ba ɓoyayyu ba ne: Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, yana wallafa bashin kowace jiha, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da kuɗin shigar jihohi da rabon arzikin ƙasa na wata-wata, ƙungiyar BudgIT kuma tana sauƙaƙa bayanan kasafin kuɗi yadda mai waya a hannu zai iya fahimta.

Sai dai alƙaluma ma suna buƙatar hankali. Legas tana da tashoshin jiragen ruwa da hedikwatocin manyan bankuna da kamfanoni, don haka kwatanta harajinta kai tsaye da na Anambra ko Kano zalunci ne. Abin da ya dace a duba shi ne inda kowa ya tarar da jiharsa da inda ya bar ta. Naira biliyan ɗaya ta 2003 ba ita ce biliyan ɗaya ta yau ba. Mataimakin shugaban ƙasa kuma ba shi da wuƙa da nama kamar gwamna, saboda haka ba daidai ba ne a jingina masa duk alherin gwamnatin da ya yi wa aiki sannan a wanke shi daga duk sharrinta, ko a yi akasin haka. Idan aikin da ake magana a kai yana kusa da ku, mafi kyawun hujja ita ce wani ya je ya gani da idonsa: asibitin nan da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, akwai likita a ciki da daddare, akwai magani a kantinsa, ko kuwa gini ne kawai da fenti?

Alkawari kuma a tambaye shi kuɗinsa

Kowane ɗan takara yakan fitar da kundin manufofinsa, kuma abin takaici ne yadda mafi yawan masu kare shi da jijiyar wuya ba su taɓa buɗe shi ba. Wanda zai shiga muhawara ya karanta aƙalla ɓangaren da ya shafi batutuwan da kuka zaɓa, na gwaninsa da na abokin hamayya. Sannan kowane alkawari a yi masa tambaya uku: nawa zai ci, daga ina kuɗin zai fito, kuma amincewar wa ake buƙata kafin ya tabbata. A 2023 Kwankwaso ya yi alkawarin ɗauke wa ɗalibai kuɗin rajistar jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a, Atiku ya yi alkawarin asusun dala biliyan 10 domin ƙananan masana'antu, Tinubu ya yi alkawarin bashin karatu ga ɗalibai, Obi kuma ya yi ta nanata mayar da ƙasar daga mai ci zuwa mai samarwa. Na farko ana iya lissafa shi da yawan masu zana jarrabawa a shekara, na biyu yana buƙatar a faɗi ko bashi za a ciwo ko wata kadara za a sayar, na uku sai da doka daga majalisa, na huɗu kuwa manufa ce da sai an fasa ta zuwa matakai kafin a iya auna ta.

Batun tallafin man fetur darasi ne babba ga duk mai muhawara. Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili lokacin yaƙin neman zaɓe cewa za su cire shi. Duk da haka, a majalisu da yawa na Arewa an fi ɓata lokaci kan addinin mataimaki da lafiyar wane da dukiyar wane, ba a tsaya an tambayi yadda kowannensu zai cire tallafin ba, a rana ɗaya ko sannu a hankali, da me zai rage wa talaka raɗaɗi, kuma ina za a kai kuɗin da aka tara. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsar da shi, Tinubu ya sanar cewa tallafin ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 ko sama da haka, kuɗin mota da farashin abinci suka bi bayanta. Ko mutum yana ganin cirewar ta zama dole ko yana ganin kuskure ce, abin da ba a musu a kai shi ne an sanar da mu tun kafin zaɓe, kuma muhawararmu ba ta ba maganar nauyin da ya kamace ta ba. Idan manyan 'yan takara suka yi ittifaƙi a kan abu guda mai ɗaci, to nan ne ya fi kamata a tono bambancin da ke tsakanin hanyoyinsu.

Mataimaki da mutanen da ke kewaye da shi

Ba mutum ɗaya ake zaɓa ba. Rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a ranar 5 ga Mayun 2010 ta ɗora Goodluck Jonathan a kan kujerar, kuma a 2017 Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasa na watanni lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari yake jinya a Landan. Saboda haka a auna mataimaki kamar yadda ake auna shugaban, a kuma tambayi su wane ne suke ɗaukar nauyin kamfen ɗin, domin masu zuba kuɗi da iyayen gida ba sadaka suke yi ba. Maganar lafiya da shekaru halas ce a tattauna ta, tunda aikin yana buƙatar ƙarfi, amma a tsaya kan abin da aka sani, ba a mayar da rashin lafiyar bawan Allah abin ba'a ba.

Tantance labari kafin a kafa hujja da shi

Lokacin kamfe lokaci ne na siyasar yarfe. Za a turo maka bidiyo na daƙiƙa ashirin da aka yanko daga jawabin minti arba'in, ko tsohon hoto daga wata ƙasa da aka ce jiya aka ɗauka a Kaduna, ko takarda mai tambarin wata sananniyar kafar labarai wadda kafar ba ta san da ita ba, ko saƙon murya na wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa daga majiya mai tushe ya ji. Yanzu kuma fasahar ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya haɗa muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Dokar da ya kamata majalisarku ta kafa wa kanta mai sauƙi ce: duk wanda ya kawo zargi, shi zai kawo inda ya samo shi. A nemi cikakken jawabin, a duba ranar da aka yi shi, a shiga shafin kafar labaran da aka jingina wa labarin a ga ko yana nan, a kuma duba ko masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun yi aiki a kansa. Idan ba a samu tushe ba, a ajiye maganar gefe, ko da tana yi wa ɓangarenka daɗi.

A kuma bambance zargi da tuhuma da hukunci. Cewa ana zargin mutum daban, cewa EFCC ta gurfanar da shi daban, cewa kotu ta same shi da laifi kuma daban. Sashe na 131 na kundin tsarin mulki ya shimfiɗa sharuɗɗan tsayawa takara, wato zama ɗan ƙasa ta haihuwa, cika shekara 35, samun jam'iyyar da ta tsayar da shi da kuma ilimi aƙalla matakin kammala sakandare, sashe na 137 kuma ya lissafa abubuwan da suke hana mutum tsayawa, ciki har da miƙa wa INEC takardar shaidar bogi. Hukumar zaɓe takan kafe bayanan da kowane ɗan takara ya rantse a kansu domin jama'a su gani. Wannan ba yana nufin duk wanda kotu ba ta kama ba tsarkakakke ne. Mai zaɓe yana da damar ya ƙi mutum saboda shakku, amma ya faɗa cewa shakku ne, kada ya sayar da shi a matsayin tabbas.

Addini da yanki

Ba zan ce a cire addini da yanki daga muhawara ba, domin ba za su ciru ba, kuma tsarin mulkin kansa ya yarda da wakilcin sassan ƙasa, har ya wajabta a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Kashim Shettima a 2023, wanda ya tuna wa mutane na Abiola da Babagana Kingibe a 1993, ya tayar da ƙura sosai, kuma damuwar waɗanda suka ji an ware su ta gaske ce, kamar yadda maganar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa ta gaske ce. Abin da nake roƙo shi ne a mayar da damuwar tambayar da za a iya amsawa. Maimakon a ce wane ba ya son mutanenmu, a tambaya: lokacin da yake da iko, yaya ya yi da baƙi mazauna jiharsa da mabiya wani addini, su wa ya naɗa muƙamai, me ya yi ranar da rikici ya tashi? Wannan ana iya bincikawa, wancan kuwa zuga ce kawai.

Kuma zuga tana da farashi da muka riga muka biya. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, rikicin da ya ɓarke a jihohin Arewa ya ci rayukan mutane fiye da 800 cikin kwana uku, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta. Abin da ya faru a lokacin yana cikin dalilan da suka sa aka fara sa 'yan takara rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya tun 2015, aikin da kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar yake jagoranta. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta haramta kalaman kamfe da za su taɓa addini ko ƙabila, ta kuma hana yin kamfe a wuraren ibada. Duk wanda ya ji muhawara ta fara komawa kafirta wani ko zagin ƙabila, wajibinsa ne ya tsayar da ita nan take.

Yadda za a tafiyar da zaman kansa

Idan zama ne na musamman, kamar na ƙungiyar ɗalibai ko ta 'yan kasuwa ko ta matasan unguwa, a samu mutum ɗaya da kowa yake ganin girmansa ya zama alƙali, wanda aikinsa raba lokaci ne da mayar da mutane kan batu, ba yanke hukuncin wanda ya yi nasara ba. A ba kowane ɓangare minti uku ko biyar daidai wa daida, a hana katse magana. Akwai dabaru biyu da suke sauya yanayin zama gaba ɗaya. Ta farko, kafin mutum ya mayar da martani, sai ya maimaita hujjar abokin musunsa har shi mai hujjar ya ce e, haka nake nufi. Ta biyu, kowa ya faɗi aibi ɗaya na gaske na gwaninsa da alheri ɗaya na gaske na abokin hamayya. Wanda ya kasa yin wannan, ko dai bai san ɗan takararsa ba, ko kuma sojan baka ne da aka biya, kuma jayayya da wanda aka biya ɓata lokaci ce, domin ba shi da ikon canza ra'ayi.

A zaman gida kuwa, inda ake tare da manya, ladabi ba ya hana faɗin gaskiya, sai dai yana canza hanyar faɗinta. Idan kawunka ya ce wane ya sace kuɗin jiharsa kaf, ba za ka ce masa ƙarya ne ba. Sai ka ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ni ma na ji ana faɗin haka, amma da na duba sai na ga maganar ba ta je kotu ba. Ko akwai inda kuka gani in je in karanta?" Ka ba shi hanyar da zai sauko ba tare da ya ji kunya a gaban yara ba. Shi ma babba, idan yaro ya kawo hujja, kada ya rufe masa baki da cewa yaushe aka haife ka, domin shekaru suna ba da gogewa, amma ba sa canza adadin bashin da DMO ta wallafa. Mata ma, waɗanda su ne suke cika layukan rumfunan zaɓe kuma su suka fi sanin yadda farashin cefane yake motsi, a ba su dama su faɗi ma'auninsu, kada a tsaya kawai ana gaya musu inda za su dangwala.

A zaurukan WhatsApp da Facebook abin ya fi wuya, saboda ba a ganin fuska kuma 'yan kallo suna zuga. Kada ka amsa cikin fushi, kada ka amsa saƙo goma a lokaci ɗaya. Ɗauki hujja ɗaya mafi ƙarfi ka amsa ta. Idan magana ta fara zama tsakanin mutum biyu, a koma kiran waya. Idan an maimaita hujja ɗaya sau uku ba sabon abu, muhawara ta ƙare, sai a yi sallama.

Kallon muhawarar 'yan takarar da kansu

Najeriya ta ga muhawarar talabijin tsakanin Abiola da Bashir Tofa a 1993, amma tun daga lokacin manyan 'yan takara sun saba kauce wa haɗuwa a dandali ɗaya. A 2011 Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau sun yi muhawara ba tare da Jonathan ba. A Janairun 2019 Buhari bai halarta ba, Atiku kuma ya zo wurin ya juya da ya ga babu shi. Ƙin zuwa abin a riƙe wa ɗan takara ne, domin wanda yake neman amanar mutane fiye da miliyan 200 bai kamata ya guji tambayoyinsu ba, kuma a riƙe wa kowa, ba sai na ɓangaren da ba ka so ba. Amma iya magana ma ba ita ce iya mulki ba, kuma ba ita take kawo ƙuri'a ba: mutane da yawa sun yaba wa Shekarau a muhawarar 2011, duk da haka ƙuri'unsa ba su kai miliyan ɗaya ba. Idan kuna kallo tare, ku riƙe takarda ku rubuta tambayar da aka yi, sannan ku duba ko ita ya amsa ko wata ya ƙirƙiro wa kansa, ko ya kawo adadi da wa'adi, kuma ko abin da ya faɗa a Kano shi ne ya faɗa a Inugu da Legas.

Wannan takardar kada a yar da ita bayan zaɓe. A rubuta manyan alkawuran wanda ya ci, da ranar da ya yi su da wurin da ya yi su, a ajiye a waya ko a littafin ƙungiya, a riƙa buɗewa duk lokacin da aka gabatar da sabon kasafin kuɗi ana duba wanne aka sa wa kuɗi, wanne aka yi shiru a kansa. Kafin nan kuma, kowane mai muhawara ya tabbatar yana da katin zaɓe kuma ya san rumfarsa, domin a 2023, cikin mutane fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito suka kaɗa ƙuri'a.